Waƙar da Ta Fita Daga Akwati

Ranar Litinin aka wayi gari an rubuta "ɓarawon waƙa" da gawayi a ƙofar situdiyon da ke bakin layinmu. Ni karatun boko bai zauna mini sosai ba, amma kafin hantsi har wanda bai fito daga ɗaki ba ya san abin da aka rubuta.

Ga yadda abin yake. Tsohon Mawaƙi, wanda gidansa ke bayan kantin magani, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana waƙa matarsa na yi masa amshi. Wata biyar kafin ta rasu suka zauna a ɗakinsu su biyu, babu kiɗa, babu baƙo, suka yi waƙa ɗaya a kan wani tsohon kaset. Bayan rasuwarta ya kai kaset ɗin situdiyo aka juye shi a kwamfuta don kada ya lalace, ya dawo da abinsa ya kulle a akwati. Ya ce duk abin da suka yi tare duniya ta karɓe, wannan ɗaya nasa ne. Shekara uku ana haka. Sai ga waƙar a intanet. Kwana biyu ta shiga kowace waya. Mai aski na aski da ita, masu babur na wucewa da ita.

Jama'a ba su wahalar da kansu ba. Waƙar wuri biyu take, akwati da kwamfuta. Akwati na kulle, saura kwamfuta. Ƙungiyar mawaƙa ta sa ranar Asabar za ta zauna ta hana 'ya'yanta taka ƙofar Mai Situdiyo.

Shi ya zo ya same ni a inuwar ƙofar gida. Ni shekara talatin na yi ina bin sawun dabbobin da aka sace, kafin gwiwa ta gaza ɗiyata ta ɗauko ni ta kawo ni gari.

"Baba, ka taimake ni," ya ce. "Shekara ashirin ina riƙe muryoyin mutane, ban taɓa zubar da ko ɗaya ba."

"Ni sawun saniya na sani. Waƙa tana da kofato ne?"

"Ban san me take da shi ba. Amma kai kaɗai ne ba ka yanke mini hukunci ba."

"Ban ce ban yanke ba. Ban dai faɗa ba."

Ya sunkuyar da kai yana murza gawayin da ya shafo a hannun rigarsa. "Ba ƙungiyar ce ta fi ci mini rai ba. Jiya na je gaishe da tsohon, ya sa aka ce mini yana barci. Daga tsakar gida ina jin tarinsa."

Wannan maganar ce ta ɗaga ni. Akwai kuma abin da ban gaya masa ba. Waƙar tana cikin wayata nima. Ɗiyata ta tura mini, na kuma saurare ta fiye da yadda ya dace da mai furfura irin tawa. Tawa matar shekara bakwai ke nan da tafiyarta, kuma ba ta bar mini murya a kan komai ba.

*

Situdiyon ɗaki ne ƙarami, bango duk an manna masa soso, ko numfashinka ba ya dawo maka. Na ce ya kunna mini ta kwamfuta. Muryar tsohon ta fara, ta marigayiyar ta amsa, tas kamar ruwan da aka tace. Na ce to ya kunna wadda ke yawo a gari.

Wannan ba da waƙa ta fara ba. Dariyar mace ce ta fara fitowa, sannan ta ce, "Ka fara mana, Malam, shayin zai huce."

"Ina dariyar nan a taka?" na tambaya.

"Na yanke. Aikina ke nan, Baba. Duk abin da ya zo kafin waƙa ina cirewa, tari, jan kujera, dariya. Hannuna ya saba, ba ya shawara da ni. Da na kunna wa tsohon sai da ya yi mini faɗa, ya ce na jefar da abin da ya fi so. Allah ya sa tana nan a kaset."

Fuskarsa ta fara washewa, ya ga kamar ya fita.

"Kada ka yi saurin murna," na ce. "Wanda ya yanke abu ya san inda ya ajiye guntun. Ka iya ɓoye wadda ba a yanke ba."

"Wallahi ban ajiye ba."

"Duk wanda na taɓa kamawa da akuya ya rantse. Zauna, zan dawo."

*

Daga nan na nufi bakin kasuwa, wurin Mai Tura Waƙa. Yana zaune ƙarƙashin babbar lema, gabansa teburi cike da wayoyin caji, sana'arsa ya zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya. An ce a wurinsa aka fara jin waƙar a unguwa.

"Barka da zuwa, Baba. Wa'azi za a zuba maka ko na soyayya? Ba na faɗa wa kowa."

"Bakinka ya fi aikinka kyau. Wa ya ba ka waƙar tsohon nan?"

"Ba wanda ya ba ni. A wani shafi na gan ta, mutum dubu nawa sun riga ni. Ruwa ne yake gudu a titi, ni bokiti kawai na tara."

"Ruwan daga tulun wani ya zubo, kuma ka san mai tulun. Gidansa ba ya fi tafiyar minti biyar daga nan."

Ya sosa ƙeya. "Baba, in na daina, na gefe zai ci gaba."

"Na gefe ba wurinsa na zo ba."

Sai ya ce, kamar mai neman ya biya ni da wani abu, "Amma ka san ba daga kwamfuta ta fito ba ko? Ni kullum da fayil nake kwana nake tashi. Wannan saƙon murya ne. Wani ne ya kunna rediyo ya kara waya a kusa. Ungo, sa wannan a kunnenka."

Ya miƙo mini 'yar igiyar da ake sawa a kunne. Hayaniyar kasuwa ta ja baya, na ji kamar na shiga ɗakin da kaina. A bayan muryoyin akwai wani ƙara, ƙwas, sai shiru, ƙwas, sai shiru. Ba ya sauri, ba ya jinkiri.

"Me ya sa ba ka gaya wa mutane haka ba tun farko?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Na ari igiyar na tafi. Ban gode masa ba.

*

A gidan Tsohon Mawaƙi, a barandar tsakar gida, na tarar da yayar marigayiyar tana gugar kaya. Kowa Yaya yake ce mata, har shi mai gidan. Tun da ƙanwarta ta rasu take zuwa ta share, ta wanke, ta goge, ta koma gidanta kafin la'asar.

"Mai bin shanu, yau kuma wace ta ɓace?" ta ce.

"Wadda ba a ɗaure ta da igiya, Yaya."

Ba ta yi dariya ba, ta juya rigar da ke gabanta.

Tsohon na zaune a bakin gado, taga a rufe duk da zafin da ake yi. Ya ce tun da waƙar ta fita ba ya buɗewa, don kada ta shigo masa daga titi. Na zauna a kujera. Ban kai ga gama gaisuwa ba na ji shi a saman kaina. Ƙwas. Fankar silin ce, kowane zagaye sai ta yi ƙara ɗaya.

"Tun yaushe fankar nan take haka?"

"Bara ta fara. Na saba da ita."

Bara. Wato bayan an yi kaset ɗin, bayan an kai shi situdiyo. A wannan ɗakin aka kara wayar, kuma ba da daɗewa ba.

"Wa ke taɓa akwatin nan, Malam?"

"Ni kaɗai. Mabuɗin na ƙarƙashin matashin kaina. Ba na zuwa ko'ina sai asibiti ranar Talata." Ya dubi akwatin. "Ka san abin da ya fi mini ciwo? Ba kullum nake kunnawa ba. Sai na yi wata guda ina tara marmarinta, ranar da abin ya cika mini ƙirji in rufe ƙofa in ji ta ce shayi zai huce. Shekaranjiya wani yaro ya wuce a kan keke yana kwaikwayon maganar, abokansa na dariya. Sun ɗauke ta sun kai ta kasuwa ba mayafi."

Ɗiyarsa ta shigo da ruwa. Ita ke aiki a kantin maganin da ke gaban gidan. Maƙwabta sun riga sun gaya mini an sha jin ta tana jayayya da uban kan waƙar.

"An ce kin taɓa cewa wata rana sai kin fitar da ita."

"Na faɗa, Baba. Na ce a fitar da ita yadda ya kamata, da izininsa, da hoton Mama a kai, mutane su san wadda ta yi aikin. Ba irin wannan ba, da wasu ke cewa wata baƙuwar mawaƙiya ce daga wata ƙasa." Ta ajiye kofin da ƙarfi. "Amma ban taɓa akwatin ba. Ni ba na ma iya jin ta. In na ji muryar Mama sai in yini ban ci komai ba."

Na fita ina zarginta. Tana kwana a gidan, ta san inda mabuɗi yake, tana kuma da dalili.

*

Mai bin sawu ba tafin ƙafa kaɗai yake dubawa ba. Yana duba abin da ya hau kan sawun daga baya, ƙwaro ne ya ratsa, ciyawa ce ta faɗo, wata ƙafar ce ta taka. A nan ake sanin wa ya biyo wa. Ranar Laraba bayan azahar na shiga ɗaki na sa igiyar nan a kunne, na hana kaina sauraron waƙar, na saurari abin da ya hau kanta.

A amshi na uku na ji ta. Wata murya ce can ƙasa, ta mace, baki a rufe, tana bin marigayiyar a hankali. Ba a cikin kaset take ba, ta fi kusa da waya. Da marigayiyar ta kai ƙarshen amshi ta tsaya mijin ya karɓa, wannan muryar ba ta tsaya ba. Ta ci gaba kaɗan, ta sauka ƙasa ta wata hanya da babu ita a waƙar, sannan ta yanke kamar an tuna ana ɗauka.

Na maimaita wurin ya fi sau ashirin. Na ce a raina ɗiyar ce, muryar 'ya ba ta nisa da ta uwa.

Washegari na koma gidan da niyyar in titsiye ta. Tana kanti. Tsohon na barci, barcin gaske wannan karon. Yaya ce a baranda, ta ba ni baya, tana guga tana rera amshin nan a hanci. Wannan ba abin mamaki ba ne, rabin gari na rera shi. Na buɗe baki zan yi sallama ke nan ta kai ƙarshen amshin, ba ta tsaya ba. Ta sauka ƙasa ta wannan hanyar.

Na kama ɓarayi da yawa a rayuwata, ban taɓa so in juya in koma gida ba sai ranar.

"Yaya, wannan wutsiyar da kike sa wa waƙar a ina kika samo ta? Ba ta cikin wadda ake ji a gari."

"Ai ba a sa ta ba," ta ce, ba ta juyo ba. "Ta mahaifiyarmu ce, da ita take lallashinmu muna yara. Ƙanwata rabi ta ɗauka ta kai wa mijinta."

"Wa ya san sauran rabin?"

"Da mu uku ne. Yanzu ni da ƙaninmu da ke can wata ƙasa."

Sai ta daina motsi. Dutsen gugar ya tsaya wuri ɗaya har na ji ƙaurin rigar. Ni na ɗaga shi.

"Jibi zan tara mutane a gidan nan kafin ƙungiya ta zauna," na ce. "Akwai mutumin da aka rubuta wa ɓarawo a ƙofa. Gara a ji daga bakinki."

*

Ranar Asabar da hantsi muka cika ɗakin: tsohon a bakin gado, ɗiyarsa a gefensa, Mai Situdiyo tsaye kusa da ƙofa don ba a ce ya zauna ba, Mai Tura Waƙa, da Shugaban ƙungiyar mawaƙa da takardarsa a hannu, an riga an rubuta hukunci. Yaya ta zauna a dokin ƙofa.

Na sa aka kunna ta kwamfuta, aka kunna ta waya. Na nuna musu dariyar da babu a ɗaya. Na ce kowa ya yi shiru ya ɗaga kai. Fanka ta yi ƙwas, waya ta amsa mata da ƙwas.

"A nan aka ɗauka," na ce. "Situdiyo babu fanka, kuma wannan bara ta fara ƙara."

Idanu suka koma kan ɗiyar. Uban ma ya juya ya dube ta, irin kallon da ba zan so ɗiyata ta gani daga gare ni ba.

"Ku bar yarinyar nan," in ji Yaya. "Ni ce."

Ta juya ta fuskanci tsohon.

"Ranar Talata, kun tafi asibiti, na zo canja zanen gado na ga mabuɗin. Sau uku na roƙe ka, Malam, ka kunna mini ko sau ɗaya in ji. Ka ce ba yanzu ba. Ƙaninmu shekara goma sha biyu bai zo gida ba, ko rasuwarta bai samu zuwa ba. Ya kira ni yana kuka, babban mutum da jikoki, ya ce ya nemi muryarta a kansa ya rasa. Shi na tura wa. Mutum ɗaya. Na ce masa ya ji ya ɓoye."

"Inna," ɗiyar ta ce a hankali, "waya ba kunne ba ce. Ba a yi mata raɗa."

"Yanzu na sani. Ya tura wa 'ya'yansa su ji muryar gwaggonsu, ɗayansu ya ɗora a shafinsa. Da na ji ta a wurin mai aski na san na yi ɓarna." Ta goge ido da gefen mayafi, sai kuma ta ɗago. "Amma ni ma a gaya mini. Muryar nan ni na fara jin ta a duniya, ni na goya mai ita. Amshin ma na uwarmu ne. Ba ni da komai a ciki?"

Shugaban ƙungiya ya dube ni, kamar ni ne alƙali. Ni ba alƙali ba ne, amma an tambaya.

"Kina da shi, Yaya," na ce. "Shi ya sa ya kamata a kunna miki tun roƙon farko, kuma Malam ya ji wannan. Amma abin da su biyu suka yi a ɗakinsu, su ke da ikon buɗe masa ƙofa. Kin ɗauki mabuɗin da ba a ba ki ba. Ƙaninki ya miƙa abin da aka ce ya ɓoye. Ɗansa ya ɗora, wannan mai lema ya zuba wa duk wanda ya zo, mu kuma muka karɓa muna cewa ai ta riga ta fita. Kowa ya ɗauki kaɗan, ba wanda ya ji nauyi. Sannan kika yi kwana biyar kina wuce ƙofar bawan Allan nan da rubutun a jiki."

Nan ne ta fashe da kuka. "Wannan ne ba ni da amsarsa." Ta juya wajen Mai Situdiyo. "Ɗana, ka yafe mini."

Bai samu amsawa ba, don tsohon ya riga ya miƙe. Ya taka da kyar har bakin ƙofa, ya kama hannun Mai Situdiyo da hannu biyu.

"Ba barci nake ba ranar nan," ya ce.

"Na sani, Malam. Na ji tarinka."

"Zo ka zauna. Nan, kusa da ni."

Shugaban ƙungiya ya ninke takardarsa ya tura aljihu. Ya ce da kansa zai je da ruwa da soso ya wanke ƙofar, tunda bai san wanda ya rubuta ba kuma bai hana ba. Ɗiyar ta tambayi Mai Tura Waƙa ko akwai yadda za a janye waƙar daga intanet.

"Za a iya roƙon shafin su sauke," ya ce. "Zan goge tawa yau. Amma wadda ta shiga wayoyin mutane, Anti, ta tafi."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya dubi Yaya.

"Kin ce rabi ta kawo mini?"

"Rabi."

"Shekara talatin da huɗu, ba ta taɓa gaya mini akwai saura ba." Muryarsa ta ɗan karye. "Yaya, ki yi mini sauran."

Ɗiyar ta tashi ta kashe fanka. Yaya ta fara daga amshin da duk gari ya haddace, ta kai inda ƙanwarta ke tsayawa, ta wuce. Wannan karon da baki buɗe, da kalmominsa, 'yan kalmomi ne na lallashin yaro ya yi barci. Tsohon ya rufe ido.

Na hangi Mai Tura Waƙa ya zura hannu aljihu, ya fara zaro waya. Ba mugunta ba ce, hannunsa ne ya saba. Na ɗora sandata a kan wuyan hannunsa. Ya dube ni, ya mayar.

Da na koma gida na miƙa wa ɗiyata wayata na ce ta goge waƙar. Ta ce, "Baba, kai da kake son ta?" Na ce shi ya sa. Ta goge.

Har yau in na zauna a inuwar ƙofa wani ya wuce da ita a babur, ina kawar da kai, amma kunne ba ya bin umarni, sai ya bi ta har ta sha kwana. Sauran rabin kuwa mu bakwai muka ji shi a ɗakin nan, sau ɗaya. Na yi ƙoƙarin riƙe shi, ya fara zame mini. Ranar Talata in na ga Yaya ta wuce za ta gidan, nakan ji kamar in tsayar da ita in roƙa. Ban taɓa tsayar da ita ba.